Zambo Ne Ko Kirari? Ƙalubale Ga Masu Wanke Sarkin Warhammer 40,000

Na san wani zai ga kan maganar nan ya taɓe baki ya ce, me ya haɗa kifi da kaska, me ya haɗa ƙungiyar adabi da wasan 'yan tsana na Turawa? To, a yi haƙuri a saurara. Duk abin da aka rubuta ɗaruruwan littattafai a kansa, mutane suka yi shekaru kusan arba'in suna karantawa suna musu, ya shiga gonar adabi, ko mun so ko mun ƙi. Kuma abin da ake musu a kansa tsohon abu ne da ya girmi wasan, watau shin akwai larurar da ke halatta wa mai mulki zalunci?

Bari in ɗan share fage domin wanda bai sani ba. Warhammer 40,000 wasan yaƙi ne na kan tebur, wanda kamfanin Games Workshop na Ingila ya fitar a 1987, Rick Priestley ne ya rubuta littafinsa na farko mai suna Rogue Trader. Mutum biyu ke jera 'yan mutum-mutumi da suka harhaɗa suka yi wa fenti da hannunsu, su auna tazara da tef, su jefa 'ya'yan ludo, wanda ya fi dabara da sa'a ya ci. Wannan shi ne wasan, ba ni da ta cewa a kansa. Magana tana ga labarin da aka gina a bayansa, wanda ya bunƙasa har kamfanin ya buɗe sashen ɗab'i na musamman, Black Library, a 1997.

Ga labarin a gurguje. Shekaru kusan 40,000 nan gaba, 'yan Adam sun bazu cikin taurari, suna zaune a duniyoyi miliyan guda a ƙarƙashin daula ɗaya da ake kira Imperium. Sarkin daular ya shekara 10,000 a dasƙare bisa wata na'ura da ake ce wa Karagar Zinariya, shi ba rayayye ba, shi ba matacce ba, talakawansa suna bauta masa. Domin na'urar ta ci gaba da aiki, kowace rana sai an ƙona rayukan mutum 1,000 daga cikin masu wata baiwa ta ƙwaƙwalwa, waɗanda baƙaƙen jirage ke bi duniya duniya suna kwasowa. Ku yi lissafi da kanku, a shekara 10,000 abin ya kai rai biliyan 3 da miliyan 650. Dodon tatsuniya ma da ke tare rijiya budurwa guda yake karɓa. Mai laifi kuwa a goge masa hankali a mai da shi injin aiki. Sojan da ya ja da baya, kwamishinan rundunarsa ya harbe shi nan take. Duniyar da aka yanke ƙauna da ita, a ƙone ta ƙurmus da duk mai numfashi a cikinta, hukuncin da suke kira Exterminatus.

To, ga wannan daula akwai masu karatu da yawa da suka ɗaura ɗamarar kare ta. Hujjarsu guda ce, kullum ita suke nanatawa kamar karatun aku: wai daular ba ta da zaɓi. Ga dodanni huɗu na ɓarna, Khorne da Tzeentch da Nurgle da Slaanesh, suna laɓe a tekun gaibu da ake kira Warp suna neman rayuka. Ga Tyranid masu cinye duniya kamar fari, ga Ork da ba su san komai ba sai faɗa. In an sassauta ko kaɗan, in ji su, bil'adama ya ƙare. Saboda haka zaluncin magani ne mai ɗaci.

Ni kuwa na ce waɗannan mutane ba su karanta littattafan da suke tutiya da su ba, ko kuwa sun karanta da ido ɗaya a rufe.

Mu ɗauki jerin littattafan Horus Heresy, waɗanda suka fara da Horus Rising na Dan Abnett a 2006, suka kai 54 a 2019, kafin a rufe labarin da wani jerin da ya ƙare a 2024. Su ne ke ba da tarihin yadda daular ta kafu. Tun a littafin farko rundunar Sarki ta ci karo da wata al'umma ta 'yan Adam mai suna Interex. Mutanen nan suna zaune lafiya da wasu halittu da ba mutane ba, sun san da zaman dodannin ɓarna, suna koya wa jama'arsu yadda za su kiyaye, har suka yi mamakin yadda baraden Sarki ba su san komai game da abin ba. Ina Interex ta ƙare? An murƙushe ta, bayan wani daga cikin rundunar Sarkin, Erebus, ya sace musu wani mugun makami da suka killace, makamin da daga baya aka sari Horus da shi. A littafin Fulgrim na Graham McNeill, 2007, ga wata al'ummar kuma, Diasporex, masu yawo cikin jirage tare da baƙin halittu. Ba su nemi kowa da faɗa ba, cewa kawai suka yi a bar su yadda suke. Aka hallaka su. Jama'a, mutumin da ya bi rijiyoyin gari ɗaya bayan ɗaya ya cike su da ƙasa, sa'an nan ya dawo yana cewa in ba tasa ba kowa ya mutu da ƙishirwa, gaskiya ya faɗa, amma wane ne ya jawo?

Sa'an nan mu dubi yadda Sarkin ya yi da 'ya'yansa. Ya ƙera 'ya'ya 20 domin su jagoranci rundunoninsa, biyu an shafe sunayensu daga tarihi, tara daga cikin 18 da suka rage suka yi masa tawaye. Uban da rabin 'ya'yansa suka ɗauki makami a kansa, ai ruwa ba ya tsami banza. Angron bawa ne a duniyar Nuceria, an kafa masa wasu ƙusoshi a ka masu haukata shi, ya jagoranci 'yan'uwansa bayi suka yi bore. Ana gab da yaƙin ƙarshe Sarki ya fizge shi shi kaɗai zuwa jirgi, ya bar sauran aka karkashe su, alhali yana da rundunar da za ta cece su cikin yini guda. Lorgar kuwa laifinsa shi ne ya bauta wa ubansa. Sarki, wanda ya haramta kowane irin addini ya kuma ɓoye wa 'ya'yansa hakikanin abin da ke cikin Warp, sai ya sa aka rushe birnin Monarchia da Lorgar ke ji da shi, aka durƙusar da shi da dakarunsa cikin tokar birnin. Lorgar ya tashi ya tafi neman wanda zai karɓi bautarsa, ya kuwa samu. Daɗin daɗawa, littafin da wannan Lorgar ya rubuta tun kafin ya juya baya shi ne ya zama tushen addinin da daular ke ƙona mutane a kansa bayan shekara 10,000. In wannan ba gyaran gangar Auzinawa ba ne, mene ne?

Kuma abin bai tsaya ga zamanin da ba. A yaƙin Armageddon na farko, wannan Angron ɗin ne ya dawo da rundunar aljanu. Mutanen duniyar suka tsaya suka yi yaƙi, aka ci nasara. Ladansu? Hukumar masu tuhuma ta ce sun ga abin da bai kamata su gani ba, aka hana su haihuwa, aka tura su sansanin aikin dole har mutuwa, aka kawo wasu mutanen aka zuba a gidajensu. Wanda duk ya karanta wannan ya ce larura ce, to, ban san abin da zai kira zalunci ba.

Har zuwa nan kamar ina wanke kamfanin ne ina ɗora laifi a kan masu karatu. Ina! Yanzu ma na zo kansa.

A Nuwamban 2021, bayan wani ɗan wasa ya halarci wata gasa a ƙasar Sifaniya sanye da tufafi masu tambarin 'yan Nazi, Games Workshop ya fitar da sanarwa. Abin da ta ƙunsa shi ne, babu mutanen kirki a cikin wannan labari, daular zambo ce, gargaɗi ce, ba abin koyi ba, kuma ba a maraba da masu aƙidar ƙiyayya. Madalla da sanarwa. Amma mu da muka san aikin maroƙa mun san cewa zambo yana da sharaɗi: sai mai sauraro ya gane zagi ake yi. Mawaƙin da ya yi zambo, wanda aka zambata ya ji daɗi har ya tuɓe riga ya ba shi, to, ko dai bai iya ba, ko kuwa da gangan ya yi baki biyu don ya ci ta ko'ina. In kuwa sai ya fito da takarda bayan shekara 34 yana bayani cewa zambo fa yake yi, ai magana ta ƙare.

Da farko zambon a fili yake. Wasan ya fito a Ingilar Margaret Thatcher, daga yankin Nottingham na masu haƙar kwal, shekara biyu bayan yajin aikin mahaƙa na 1984 zuwa 1985, wanda a cikinsa Thatcher ta kira shugabannin mahaƙan abokan gaba na cikin gida. Marubutan sun sha nonon mujallar zane ta 2000 AD, mai ɗauke da Judge Dredd, wadda sana'arta ke nan yi wa masu iko dariya. A littafin 1987 har da wani babban mai tuhuma mai suna Obiwan Sherlock Clousseau, sunan da babu mai jinsa ya ɗauka da gaske ake. Dakarun nan na sararin samaniya ma a lokacin ƙartai ne marasa imani da aka wanke wa ƙwaƙwalwa.

Sannu a hankali sai ciniki ya buɗe, aka ga cewa sulken dakarun ne ke kawo kuɗi. Sai ƙartai suka zama barade masu mutunci, su ne a bangon kowane akwati, haske na sauka a kansu. A 2017 aka tayar da Roboute Guilliman, ɗan Sarkin mai biyayya, daga dogon suma, aka ba shi ragamar daular. Mutum ne mai hankali, mai tausayi daidai gwargwado, yana baƙin cikin yadda ya tarar da abubuwa. Wasu na ganin wannan ci gaba ne. Ni a ganina babu abin da ya fi shi lahani, domin ya ba zalunci fuskar da za a so. Jiragen nan baƙaƙe ba su daina kwasar mutane ba a ƙarƙashinsa, illa dai yanzu mai sa hannu a takardar yana yi yana ajiyar zuciya. A 2024 wasan kwamfuta na Space Marine 2 ya kai labarin ga miliyoyin mutanen da ba su taɓa buɗe littafi guda ba, abin da suka gani kuwa jarumi ne cikin shuɗin sulke yana ceton bil'adama. A ƙarshen wannan shekara kamfanin ya shiga jerin manyan kamfanoni 100 na kasuwar hannun jari ta Landan. Ba zambo ne ya kai shi can ba.

Amma babban laifin yana cikin ƙashin labarin kansa, kuma shi ne abin da ya fi ci mini rai. Marubutan sun tsara duniyar ta yadda duk zargin da azzalumi ya yi sai ya tabbata. Mai tuhuma ya ce mai baiwa haɗari ne, sai kuwa aljani ya fasa kansa ya fito. Ya ce karanta littafin da aka hana yana kai mutum ga halaka, sai ga mai karatun ya tsiro ƙaho. Dubi abin da suka yi da 'yan ƙwadago. Akwai runduna guda a wasan, Genestealer Cults, ta ma'aikatan ma'adinai da masana'antu waɗanda suka gaji da bauta suka tashi da kayan aikinsu suna neman 'yanci. Ka ce to, ga masu gaskiya sun iso. Ashe jininsu a gurɓace yake da na baƙin halittu, boren nasu kuma share hanya ne ga Tyranid, waɗanda in sun sauko da su za su fara yin kalaci. Watau labarin da aka haifa a ƙasar mahaƙan kwal ya wayi gari yana cewa mahaƙin da ya yi bore lalle abokin gaba ne na cikin gida. Haka aka yi wa T'au, waɗanda suka shigo a 2001 da kiran a haɗu a zauna tare. Da aka ga sun yi haske da yawa, sai aka dinga cusa alamun cewa shugabanninsu sarrafa hankalin jama'a suke yi. Duk fitilar da ta kama sai a hure ta, sa'an nan a ce wa mai karatu, ka gani ko, duhu ne ko'ina.

Na san abin da za a ce mini. Za a ce wasan yaƙi ne, dole a sami dalilin da kowa zai yaƙi kowa, kuma ba wanda zai yi wata guda yana yi wa sojoji fenti in bai ƙaunace su ba. Na yarda da wannan. Na kuma yarda akwai marubutan da suka riƙe amana. Labarin Eisenhorn na Dan Abnett, wanda ya fara a 2001, yana bin wani mai tuhuma taki-taki har ya koma yana aiki da irin abin da yake farauta, kowane taki kuma da sunan larura. Ciaphas Cain na Sandy Mitchell kwamishina ne da ake yi wa kirarin jarumtaka alhali shi ta kansa yake yi. Waɗannan sun nuna ana iyawa. To, don me suka zama 'yan tsiraru, suna rakuɓe a gefe, kirari kuwa ya cika fage?

Abin da nake nema bai taka kara ya karya ba, kuma ba ya hana a sayar da ko mutum-mutumi ɗaya. Daula ce mai duniya miliyan guda. A cikin miliyan ɗin nan a fitar mana da babban littafi, wanda za a yi wa talla kamar yadda ake yi wa na Guilliman, a kan duniya ɗaya da ta kori masu karɓar harajin Sarki, ta koya wa 'ya'yanta gaskiya game da Warp kamar yadda Interex ta yi, ta kuma rayu. A rubuta yajin aiki guda a masana'antar harsashi, mai tuhuma ya zo da kayan gwajinsa, ya gwada jinin kowa, ya bincike kowane ɗaki yana neman gunki, ya tarar babu komai, yunwa ce kawai ta fito da su. Sa'an nan a nuna mana abin da zai yi da su bayan ya gano haka.