Tiyatar ƙashin baya: A duba ƙwaƙwalwar dattijo kafin a shiga da shi ɗakin fiɗa

Idan tsufa ya karkatar da ƙashin baya har dattijo ya kasa miƙewa tsaye ko takawa zuwa ƙofar gida, likitoci kan ba da shawarar tiyata. Aiki ne babba: a miƙar da ƙashin, a ɗaure shi da ƙarafa da kusoshi. Yakan ɗauki sa'o'i da dama, jini kuma kan zuba sosai. Abin da ba a cika gaya wa iyalai ba shi ne, ƙwaƙwalwa ma tana jin jiki.

Matsalar iri biyu ce. Ta farko ita ce ruɗewa cikin kwanakin farko bayan tiyata: majinyaci ya kasa gane 'ya'yansa, ya riƙa sambatu, ko ya yi shiru yana ta gyangyaɗi. Ta biyu ita ce mantuwa da raunin tunani, waɗanda kan ɗauki makonni ko watanni. Wani bincike da mujallar The Lancet ta wallafa a 1998, kan mutane 1,218 'yan shekara 60 zuwa sama da aka yi wa manyan tiyatoci iri-iri, ya gano wannan rauni a kusan kashi 26 cikin 100 bayan mako ɗaya, da kusan kashi 10 bayan wata uku.

Wannan ba dalilin gudun tiyata ba ne, domin ciwon baya mai hana tafiya shi ma yana durƙusar da tsoho. Dalili ne na yin shiri. Waɗanda suka fi shiga haɗari su ne masu mantuwa tun kafin aikin, kuma gwajin gano su, irin su Mini-Cog, bai wuce 'yan mintuna ba. Ya kamata duk asibitin da ke wannan aiki ya mayar da gwajin wajibi, kamar awon jini.

Masu jinya ma suna da nasu aikin. Su kawo wa dattijo tabaraunsa, su riƙa tuna masa rana da inda yake, su bar shi ya samu barcin dare, kada su ba shi maganin barci irin diazepam ba da sanin likita ba. Idan ya fara sambatu, kada a ce tsufa ne ko iskokai. A kira likita nan take, domin sau da yawa zazzaɓi, ƙarancin ruwa a jiki ko wani magani ne sanadi, kuma ana iya magance su.

Amfanin miƙar da baya shi ne dattijo ya koma gida da ƙafarsa, da hankalinsa.