RA'AYINMU: iPhone ko Android, makullin wayar yana hannun wa?



Duk wanda ya zauna a teburin mai shayi a tashar Gazawa, ko ya shiga motar kasuwa daga Cadawa zuwa Maraɗi, ya san gardamar da muke son yin magana a kanta yau. Mai iPhone zai kifa tasa a kan benci domin kowa ya ga tambarin da ke bayanta, mai Tecno kuma ya ce masa: taka ta ado ce, tawa ta neman abinci. Da farko mun ɗauki abin kamar gardamar ƴan Barsa da ƴan Madrid, wadda ake yi a tashi ba wanda ya yi asarar ko dala. Amma yanzu maganar ta bar bakin samari, ta shiga rumfunan mata, ta shiga adashe, har muna jin a gidan rediyo mace ta kira tana tambaya ko ta zuba kwasar adashenta a iPhone ta hannu domin kada a raina ta a wurin biki. Da yake abin ya taɓa jari, dole mu faɗi namu ra'ayin.

Bari mu fara da warware sunayen, domin da yawa ana gardamar ne ba a san a kan me ake yi ba. Kowace babbar waya tana da tsarin da ke tafiyar da ita a ciki. Kamfanin Apple na Amurka, wanda ya fito da iPhone a shekarar 2007, shi ke ƙera wayarsa, shi ke da tsarinta mai suna iOS, kuma ba ya ba kowa aro. Shi kuwa Android, wanda wayar farko mai ɗauke da shi ta fito a 2008, na kamfanin Google ne, kuma ya bar ƙofa a buɗe: Samsung da shi yake aiki, haka Tecno da Itel da Infinix da Redmi. Wato dai iPhone kantin mutum ɗaya ne mai katanga da maigadi, Android kuwa kasuwar ƙauye ce mai ƙofa ko'ina, akwai kaya masu kyau, akwai na banza, kowa da ƙarfin aljihunsa. Tecno da Itel da Infinix ɗin nan ma duk gida ɗaya ne, kamfanin Transsion na birnin Shenzhen a ƙasar Sin, kuma kusan rabin manyan wayoyin da ake sayarwa a Afirka nasa ne.

Kafin a ce wace ce ta fi, a tuna abin da waya ta zo yi mana. Salula ta shigo Nijar a 2001. Wata masaniyar tattalin arziki ƴar Amurka, Jenny Aker, ta bi farashin hatsi a kasuwannin ƙasar nan daga 2001 zuwa 2006, ta gano cewa inda rezo ya iso, tazarar farashi tsakanin kasuwa da kasuwa ta ragu da kashi 10 zuwa 16 cikin ɗari. Dalilin a fili yake: ɗan kasuwar Agye ya daina ɗaukar buhu ya tafi Tasawa a kan ƙila-wa-ƙala, sai ya buga ya ji nawa tiya take kafin ya biya kuɗin mota. Waɗannan wayoyi kuwa ƙanana ne masu maɓalli, ko hoto ba su ɗauka. To da wannan ma'auni za mu auna na yau, ma'aunin kayan aiki.

Na farko, caji. A ƙasar da kusan mutum ɗaya cikin biyar ne ke da lantarki, batir ya fi kamara daraja. Mutanen Gazawa sun fi kowa sanin inda wutar yankinmu take fitowa, tun da babban layin da ya taso daga Katsina a garinsu yake sauka kafin a raba shi zuwa Maraɗi da Damagaram. Ba mu manta da watan Agustan 2023 ba, lokacin da Najeriya ta yanke wutar bayan takunkumin CEDEAO, aka koma layi a wurin masu caji da janareto da faifan hasken rana. Galibin wayoyin Android masu araha suna zuwa da babban batir da ke kai mutum tun daga asubar ranar kasuwa har ya koma gida. Sabuwar iPhone ita ma tana riƙe caji, gaskiya ne, amma wace irin iPhone ce ke isowa Gidan Rumji? Yawancinsu na hannu ne, waɗanda suka gama yi wa wani aiki a Turai ko Amurka ko Dubai. Shi kansa Apple ya ce batirin iPhone 14 da waɗanda suka gabace ta an yi shi ne ya riƙe kashi 80 cikin ɗari na ƙarfinsa bayan cikakken caji 500. Ku lissafa da kanku abin da ya rage a wayar da ta shekara huɗu a hannun wani.

Na biyu, layi. Ɗan kasuwarmu ba ya zama da pus ɗaya. A wannan ƙauye Airtel ke kamawa, a wancan sai Moov ko Zamani, wanda ke ƙetarawa Jibiya ko Ɗankama kuma yana da layin Najeriya a aljihu. Tecno da ƴan uwanta sun ci kasuwar Afirka ne tun farko da ramin pus biyu. iPhone kuwa sai a 2018 ta fara karɓar layi biyu, kuma a yawancin ƙasashe na biyun ba pus ne da ake riƙewa a hannu ba, kamfanin layi ne ke saka shi a cikin na'urar. Abin da ya fi wannan, tun daga iPhone 14 ta 2022, waɗanda aka yi domin kasuwar Amurka ba su da ramin pus ko ɗaya. Duk wanda aka kawo masa tsarabar irin wannan, ya juya gefenta ya duba kafin ya fara murna. Ramin katin ajiya kuwa, wanda ake zuba karatu da wa'azi da waƙa a ciki, iPhone ba ta taɓa yin sa ba.

Na uku, gyara. Ba mai hankalin da zai sayi babur ɗin da ba a samun kayansa a garinsu. Waya a kasuwa tana faɗuwa, tana shan ƙurar hunturu, tana shan man gujiya a hannun mai ƙuli-ƙuli. Idan gilashin Itel ya fashe a Tibiri, yaron da ke gyara a bakin hanya zai iya canza shi kafin la'asar. Idan na iPhone ne, sau da yawa sai an aika Maraɗi, wani lokaci har kasuwar waya ta Farm Centre a Kano, kuma kuɗin gilashin kaɗai yana iya sayen wata ƙaramar waya. A duk kwanakin nan abokin ciniki yana kira ba ya samu, shi kuwa ciniki ba ya jiran kowa. Ga kuma farashin saye: sabuwar iPhone 16 ta fito a Amurka a 2024 a kan dalar Amurka 799, sama da jika 400 na sefa ke nan tun kafin kuɗin hanya da na duwan. Mai sayar da aya ko riɗi ta san buhu nawa ne wannan.

Saboda haka ba mu ɓoye matsayinmu: ga mafi yawan ƴan kasuwar Agye da Gazawa da Gidan Rumji, Android ta fi dacewa. Amma ba za mu yi wa iPhone ƙarya ba. Waya ce mai inganci, hotonta yana da kyau, kuma mai sayar da atamfa ko turare ta hanyar aika hoto ga mata a Yamai tana iya cin ribar wannan. Kamfaninta yana ci gaba da sabunta tsarinta shekaru shida ko fiye, alhali ƙananan Android da yawa bayan shekara ɗaya ko biyu an manta da su. Idan an tashi sayar da ita ba ta faɗuwa warwas. Kuma katangar nan da muka ambata tana da amfani, domin ba kowace manhaja ake iya cusa mata ba. A Android kuwa, yaro zai karɓi wayar mahaifiyarsa ya tura mata tarkace ta Xender, gobe wayar ta cika da talla, tana cin kiredi ba a san dalili ba. Alhajin da ke shigo da kaya tirela-tirela, yana da lantarki a gida, yana zuwa Kano ko Dubai, in ya sayi iPhone ba mu ga laifinsa ba. Wadda jarinta duka bai kai kuɗin wayar ba ita muke ji wa tsoro.

Tsohuwar waya kuma, ko ta wane gida ce, tana da ranar ritaya. A watan Oktoban 2023 WhatsApp ya daina aiki a Android da suka girmi na 5, a 2025 kuma ya bar iPhone 5s da 6 da 6 Plus. Har yanzu ana iya ganin irinsu a teburin masu sayarwa, an goge su suna ƙyalli.

Sai dai duk wannan gardama ta bar babban abu a baya, kuma shi ne ya fi yawa a koken da ke iso mana. A yau littafin bashin mace ƴar kasuwa yana cikin wayarta. Wadda ba ta yi lakwal ba, saƙon murya ya zame mata alƙalami: wane ya ɗauki tiya goma, wance za ta biya ran kasuwa mai zuwa, ga muryar kowa a ajiye, ga hoton takardar aiken kuɗi ta Nita ko Amana. To ranar da aka sayi wayar, wa ya buɗe mata asusun da ke riƙe da wannan duka? Yaron shago ne. Shi ya ƙirƙiri adireshin Gmail ko na iCloud cikin gaggawa, ya sa lambar sirrin da ta zo masa a ka, bai rubuta ba, ita ma ba ta tambaya ba, domin ba ta san akwai wani makulli ba. Ran da wayar ta faɗa rijiya ko aka zare ta a cunkoso, sai a sayi sabuwa a tarar ba lambobin abokan ciniki, ba muryoyin masu bashi. Wata uwa mai sayar da wake ta faɗa mana ta waya cewa asarar wayar ba ta dame ta ba kamar yadda masu bashi biyu suka ce ba su tuna ba.

A nan iPhone da Android duk jirgi ɗaya ya kwaso su. Tun 2013 iPhone take da kullen da ke hana a yi amfani da ita in mai ita na farko bai cire asusunsa ba, Android ma ta kawo irinsa a 2015. An yi shi ne domin a karya kasuwar ɓarayi, kuma ya yi kyau. Amma shi ne kuma ke mayar da wayar hannu dutse a hannun wanda ya saya da halaliyarsa, ko ma a hannun mai ita in ta manta lambarta aka wanke wayar a wurin gyara. Haka kuma ajiyar WhatsApp ta Android tana wurin Google, ta iPhone tana iCloud, ɗaya ba ta buɗuwa a ɗaya. Wadda za ta sauya gida ta sa a ƙetarar mata da hirarrakinta tun tsohuwar wayar tana hannunta. Shi ma ɗan damfarar da ke kira ya ce an turo miki lamba shida bisa kuskure ki karanto masa, bai damu da tambarin bayan wayarki ba. In kin karanta, ya ɗauke WhatsApp ɗinki, ya shiga roƙon kuɗi da sunanki a wurin danginki da ke Agadas ko Libiya.

Don haka ga abin da muke kira a yi. Iyayenmu mata, kada ku bar shago sai an rubuta muku adireshin asusu da lambar sirrinsa a takarda, ku adana ta inda kuke adana takardar gona, kuma in kun koma gida ɗa ko ƙanin da kuka amince da shi ya canza lambar a gabanku. Pus ɗin da kuke ciniki da shi ya kasance da sunanku da katinku aka yi masa rajista, domin in ya ɓace mai sunan kaɗai ake sabunta wa. In wayar hannu ce, a wanke ta tas a gabanku, a kunna, a sa pus ɗinku a yi kira, sannan kuɗi su fita daga lalita.

Masu sayar da waya kuma, ku ba da resi mai ɗauke da lambar jikin wayar, wadda ke fitowa in an danna *#06#. Ba ya cin ko minti ɗaya, kuma ku ma yana kare ku ranar da jandarma suka zo neman wayar sata. Muna roƙon shugabannin ƴan kasuwa na Cadawa da Gangara da Cadakori, tare da magadan gari, su zauna da masu tebura da masu gyara su mayar da wannan resi da wannan takardar makulli ƙa'idar kasuwa kafin kaka, lokacin da kuɗin wake da aya ke shigowa hannu kuma cinikin waya ke tashi.