Kada Mu Jefar da Risho Tukuna



A labaranmu kullum amarya a kan gas take girki, alhali daga Bichi zuwa Ɗambatta mun san da kara da itace ake hura wuta. Gona ta haɗe da gona, babu dajin shiga, kusan kowane damin itace daga jikin ɗorawa ko gawon wani ya fito. Idan ruwan Agusta ya jiƙa kara, ga mai jego tana neman ruwan zafi da tsakar dare, risho ne ke fitar da gida kunya.

Gaskiya ne, tun da aka cire tallafin kananzir a 2016 ya fi ƙarfin girkin yau da gobe. Amma a ajiye shi domin irin wannan dare.

Wurin saye mu ɗaga shi mu ji nauyi, domin mai sakayau saurin tsatsa gare shi. Mu duba gindin tankin ko yana yoyo. A riƙa datse bakin lagwani daidai wa daida. Shuɗiyar wuta ita ce lafiya, ja kuwa baƙin tukunya ne da asarar mai. Kada a ƙara kananzir yana ci, kada a kashe shi da ruwa. Kananzir mai warin fetur kuwa a mayar wa mai shi, ya sha ƙona mutane.

Mu sa waɗannan a labaranmu daidai. Wata daga bakin tauraruwarmu za ta koya.

Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.