A YAFE WA DIREBA, A NEMI HAKKIN MARAYU

Jama'a, akwai wata al'ada da ta zauna mana a zongo wadda mu ke so a sake dubawa. In mota ta buge mutum, ko lori ta faɗi da fasinja, kafin a yi sadakar uku sai ka ga mai mota ya zo da dattawan unguwarsu, da ƙwaryar goro da ɗan abin da ya sawwaƙa a ambulan. A zauna a zaure, a yi addu'a, babban gida ya ce mun bar wa Allah. Shi ke nan, magana ta mutu. Bayan wata shida matar mamaci tana tallan koko a bakin tasha, 'ya'yan an cire su daga makaranta.

Ba mu ce haƙuri aibi ba ne. Amma fa a san abin da a ke yafewa. Tun shekarar 1958 dokar ƙasar Gana ta tilasta wa kowane mai mota ya yi mata inshora saboda mutanen da za ta iya ji wa rauni ko ta kashe, watau mai tafiya a ƙasa da fasinjan da ya biya kuɗin mota. Kuɗin nan mai mota ya riga ya biya su tun farkon shekara. Saboda haka in iyali suka ƙi neman diyya, direban bai ƙaru da kome ba. Kamfanin inshora ne ya ci riba, shi kuwa ko gaisuwar mutuwa bai zo ba.

Waɗansu su kan ce kuɗin jini ne, ba su ci. To, a tambayi malamai. Diyyar kisan kuskure tana cikin Alkur'ani, a Suratun Nisa'i, aya ta 92, kuma ga iyalin mamaci a ke miƙa ta. A fiƙihu ma ba a ɗora ta a kan wanda ya yi kuskuren shi kaɗai ba, danginsa ne ke haɗuwa su biya. Baligi yana da ikon ya bar rabonsa sadaka. Amma kawu ko baffa ba shi da ikon ya yi kyauta da rabon yaro ɗan shekara biyar don a ce masa dattijo. Muna sane malamai sun yi saɓani a kan shiga inshora, amma wanda mota ta karya wa ƙafa bai ƙulla ciniki da kowa ba, abin da a ke binsa ne ya karɓa.

Inda mutanenmu suka fi yin hasara shi ne kwanakin farko. Kamfani ba ya biya da baki, sai da takarda. Ta fari ita ce rahoton 'yan sanda masu kula da hanya, waɗanda a ke kira MTTD. In aka sasanta a bakin titi ba a kai musu magana ba, gobe mai mota ya ce bai taɓa ganinka ba, wa za ka kira shaida? A rubuta lambar mota nan take, a ɗauki hotonta da waya, da hoton takardar inshorar da ke manne a gilashi. Tun 2020 Hukumar Inshora ta Ƙasa, watau NIC, ta buɗe rajistar motoci, kowa na iya buga *920*57# a wayarsa ya sa lambar mota ya ga ko inshorarta ta gaskiya ce ko ta jabu. Wannan ya kamata a riƙa yinsa tun a tasha kafin a hau, balle masu bin hanyar Kumasi zuwa Tamale, waɗanda ba su manta da haɗarin Kintampo na 2016 da na 2019 ba.

Sa'an nan sai asibiti. Mun san da yawa sun fi yarda da maɗori, kuma ba mu raina aikinsa ba. Amma maɗori ba ya ba da rahoton likita, kuma da rahoton likita ne a ke auna girman rauni da yawan abin da za a biya. A fara zuwa Komfo Anokye ko asibitin da ya fi kusa, a ɗauki hoton ƙashi, a adana kowane rasit ko na magani ɗaya ne. In rasuwa ce, mu Musulmi mu kan gaggauta jana'iza, haka kuwa ya dace. Sai dai a sa mutum guda mai natsuwa ya tsaya a kan takardar shaidar mutuwa da ta izinin binnewa. Bayan haka sai an je kotu ta ba da takardar wakilcin gado, domin kamfani ba zai miƙa kuɗi ga wanda ya ce shi ne babban wa kawai ba.

Kada kuma a yi sanyin jiki. Doka ta ba da shekara 3 ne a kai ƙara, daga ranar haɗari, ko daga ranar rasuwa in an yi rashi. Shekara 3 tana da yawa a baki, amma tsakanin takaba da rabon gado da jiran ɗan'uwan da ke Kumasi ya shawarci na Akara, sai ka ga ta ƙare.

Akwai wata takarda da mu ke roƙon kowa ya ji tsoronta, ita ce wadda a ke ba mutum ya sa hannu cewa ya karɓa ya gamsu. Wanda ya dangwala yatsa a kanta ya rufe ƙofa da kansa, ko da ƙafar ta ruɓe daga baya. Kada a sa hannu sai wani amintacce ya karanta ya fassara. Haka kuma a yi hankali da 'yan kamasho masu yawo a ƙofar asibiti suna cewa a ba su takardu su karɓo. In za a ɗauki lauya, a yi maganar ladansa a rubuce tun farko. Wanda ba shi da hali ya nemi ofishin Hukumar Taimakon Shari'a ta Gwamnati, don talaka aka kafa ta.

To, in motar ta gudu fa, ko aka tarar ba ta da inshora? Nan ma ba a rasa duka ba. NIC tana riƙe da wani asusu na musamman don irin waɗannan mutane. Abin da a ke bayarwa bai kai na kotu ba, amma ya fi hannu wofi, kuma shi ma sai da rahoton 'yan sanda. Can ne kuma a ke kai kuka in kamfani yana ja wa mutum rai.

'Yan kasuwa su lura da abu guda. Inshorar tilas ɗin nan ba ta ɗauke da buhunan albasa ko goron da aka loda a cikin motar. Kaya suna da tasu inshora dabam, in ba a yi ta ba, an yi hasara. Masu motocin da ke ƙetare iyaka zuwa Togo ko Nijeriya kuwa su tabbata suna riƙe da katin inshora na ƙasashen ECOWAS, wanda aka amince da shi tun 1982.

Muna roƙon Sarakunan Zongo da limamai, duk sa'ad da aka kawo musu sulhun haɗarin mota, kafin a shafa fatiha su tambayi sunan kamfanin inshora da lambar rahoton 'yan sanda, su kuma tambayi yara nawa mamaci ya bari.