Kayan Aro Ba Ya Rufe Katara

Jama'a, ga shi shekara ta juyo, 'yan aji uku sun fara ɗaure kayansu. Duk wanda ka tara da shi zancensa ɗaya ne, watau ina za a sami aiki. To, akwai wata 'yar takarda da ke riga mutum shiga ofis, ita ce takardar bayanin kai, wadda ake kira CV. A kanta nake so in ɗan yi magana, don na taɓa shan kunya saboda ita, ba na kuwa so ƙannena su sha irinta.

Shekarar da na fita daga kwalejin nan na ji ana neman malamai a wata makaranta. Na zauna na rubuta sunana da garinmu da makarantun da na yi, sai alƙalami ya tsaya. Ko rabin shafi ban cika ba. Wani abokina ya ce kada in damu, akwai shiryayya a shagon kwamfuta. Muka je, mai shago ya buɗe ta wani, ya goge sunansa ya sa nawa, na biya, na fito da shafi uku ina murna.

Ran ganawa hedimasta ya duba takarda, ya dube ni, ya ce, "Malam, na ga ka shugabanci ƙungiyar wasan kwaikwayo shekara biyu. Wane wasa kuka yi na ƙarshe?" Ni kuwa ban taɓa hawa dandamali ba. Na yi tsuru-tsuru, gumi ya karyo mini. Bai yi mini faɗa ba, sai ya ce in tafi, za a neme ni. Har yau ba a neme ni ba.

Da na yi tunani daga baya sai na gane inda cutar take. Tun muna yara aka hore mu da cewa yabon kai jahilci ne. Saboda haka in an ce mu faɗi abin da muka iya sai nauyi ya kama mu, mu ga gara mu ari bakin wani. Alhali kuwa ba yabon kai ake nema ba. In ka ce kai haziƙi ne mai ƙwazo, ka yabi kanka, ba kuwa wanda zai gaskata. Amma in ka ce ka koyar da lissafi a aji huɗu na firamare, yara hamsin, zango guda, lokacin koyarwar gwaji, to labari ka bayar, ana iya bincikawa a tabbatar.

Kada wani ya ce ba shi da abin rubutawa. Wanda ya yi shekara uku yana neman NCE ya tsaya gaban allo, ya shirya darasi, ya kira rajista, malamai sun zo sun duba shi. Wani ya riƙe kuɗin ƙungiyar ɗalibai ko kwabo bai ɓata ba. Wani yana karantar da yaran unguwa da yamma. Mu da ke zaune cikin ƙabilu iri iri kuma, da yawanmu muna jin Hausa da Turanci da harshen mutanen gari. Wannan ba ƙaramin abu ba ne ga malami, gama tun 1977 tsarin ilmi na ƙasa ya kwaɗaitar da yara su koyi ɗaya daga cikin Hausa da Yarbanci da Ibo banda harshensu. A rubuta waɗannan duka, shafi ɗaya ya isa.

Sai kuma a kula da abu uku. Na fari, suna da ranar haihuwa su zama daidai da abin da ke cikin satifiket. Kada ka zama Muhammadu a wannan takarda, Mamman a waccan. Na biyu, in ka yi rajista da TRCN, hukumar rajistar malamai da aka kafa a 1993, ka sa lambarka. In ba ka yi ba tukuna, kada ka ce ka yi. Na uku, kada ka sa sunan malaminka a kan zai shaide ka sai ka nemi izninsa.

Na san wani zai ce duk wannan wahalar banza ce, aiki sai da hanya. Ban musa ba, akan yi haka. Amma ko an kai ka bakin ƙofa, ba wanda zai shiga aji ya koyar a madadinka. Mu fa tarbiyyar 'ya'yan mutane za a danƙa mana. Malamin da ya sami aiki da takardar wani, da wane baki zai hana yaro satar amsa ran jarrabawa?

Takardata ta biyu da kaina na rubuta ta, shafi ɗaya tak, ba abin da ke ciki wanda ba zan iya amsa tambaya a kansa ba. Da ita na sami aikin da nake yi. 'Yan'uwa masu fita bana, Allah ya ba ku sa'a, amin.