JAMB ta buɗe wa nakasassu ƙofa, saura manyan makarantun Kebbi

Duk shekara idan lokacin jarrabawar shiga manyan makarantu ya zo, Kebbi na cikin jihohin da hukumar JAMB ke buɗe cibiya ta musamman domin makafi. Tun 2017 hukumar, ƙarƙashin Farfesa Ishaq Oloyede, ta kafa kwamitin da Farfesa Peter Okebukola ke jagoranta don kula da irin waɗannan ɗalibai. Ana ɗaukar nauyin zuwansu da masaukinsu tare da ɗan jagora. Wannan abin a yaba ne. Sai dai jarrabawa ta kwana ɗaya ce ko biyu, karatun digiri kuwa shekara huɗu ne ko fiye.

A nan gizo ke saƙa. Yaron da ya ci jarrabawa ya samu gurbi a Jami'ar Tarayya ta Birnin Kebbi, ko Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Waziri Umaru, ko Kwalejin Ilimi ta Adamu Augie da ke Argungu, tambayoyin da ke gabansa ƙanana ne amma su ke yanke hukunci. Ɗakin lacca a ƙasa yake ko a saman bene? Keken guragu zai shiga banɗakin ɗakin kwanan ɗalibai? Idan malami ya juya baya yana rubutu a allo yana magana, wa zai fassara wa kurma? Makaho zai samu takardun darasi a sigar da wayarsa ko kwamfutarsa za ta karanta masa, ko sai ya jira abokin da zai tausaya masa?

Doka ta riga ta amsa waɗannan tambayoyi. A watan Janairun 2019 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu kan dokar haramta nuna wa nakasassu bambanci. Dokar ta ba gine-ginen jama'a wa'adin shekara biyar su gyara yadda kowa zai iya shiga, wa'adin kuma ya cika a Janairun 2024. Ta kuma ware wa nakasassu aƙalla kashi 5 cikin 100 na guraben aiki a hukumomin gwamnati. Wannan kaso kuwa ba zai cika ba idan babu masu takardun da za a ɗauka. Makarantar da ta bar ɗalibi ya gaji ya koma gida a shekararsa ta farko, ta toshe masa hanyar aikin da doka ta tanadar masa.

Akwai dalilin da ya sa batun ya fi matsa wa Arewa. Sai a watan Agustan 2020 aka ayyana Najeriya a matsayin wadda ta rabu da cutar shan inna ta asali. Yaran da cutar ta shanye wa ƙafafu a shekarun 2000, lokacin da ta yi ƙamari a jihohin Arewa, su ne samari da 'yan matan da ke neman gurbin karatu a yau. Ƙwaƙwalwarsu garau take. Abin da ke tsakaninsu da digiri sau da yawa matakala ce kawai.

Shugabannin makarantu za su ce babu kuɗi, kuma ba ƙarya suke yi ba. Ɗaukar tafintan kurame da sayen injin buga rubutun makafi na buƙatar kasafi. Amma da yawa daga cikin gyaran ba ya cin ko kwabo. Mai tsara jadawalin lacca zai iya sauko da ajin da ke da gurgu zuwa ƙasa. Malami zai iya tura darasinsa ta waya maimakon hoton takarda da manhajar karatu ba ta iya ganewa. Majalisar makaranta za ta iya rubuta ƙa'idar ƙarin lokaci a jarrabawa, don kada abin ya dogara da halin wanda ke sa ido a ranar. Gine-ginen da asusun TETFund ke yi kuwa, sanya musu hanyar keke da ƙofa mai faɗi tun a zane ya fi arha nesa ba kusa ba a kan fasa gini daga baya.

Argungu na da matsayi na daban a wannan lissafi, domin a can ake horar da malaman da za su koyar a firamare da ƙaramar sakandare a faɗin jihar. Yaro kurma daga Augie ko Gulma ba zai taɓa kaiwa ga JAMB ba idan malaminsa na aji ɗaya bai san maganar hannu ba. Kwalejin Ilimi ta Musamman da ke Oyo na wannan aiki tun 1977, Jami'ar Bayero ma na da sashen ilimin masu buƙata ta musamman. Ya kamata kowane ɗalibin NCE da zai fita daga Argungu ya fita da tushen maganar hannu da rubutun makafi, ko da lissafi ko Hausa ya karanta.

Al'ummar nan ba baƙuwa ba ce ga ilimin nakasassu. Makafi mahaddata Alƙur'ani sun daɗe suna jan baƙi a tafsiri, ana zama a gabansu ana ɗaukar karatu. Tsangaya ba ta taɓa cewa makaho ya koma gida ba, don haka bai dace boko ya faɗa masa haka da matakala ba.

Gwamna Nasir Idris malamin makaranta ne, ya kuma taɓa shugabantar ƙungiyar malamai ta ƙasa. Abin da ake nema a hannunsa a bayyane yake: tallafin karatu na musamman ga nakasassun jihar da suka samu gurbi, kuɗin ɗaukar tafintoci a makarantun jiha, da umarnin kowace makaranta ta buɗe ofishi ɗaya da ɗalibi zai kai kukansa. Makarantun tarayya da ke jihar su ma su riƙa bayyana adadin nakasassun da suka ɗauka da waɗanda suka kammala kowace shekara. Da wannan adadi ne iyaye za su gane makarantar da za su kai ɗansu ya gama, da wadda zai shiga ya fito hannu rabbana.