Rigar Sarkin Hawa ba ta lallashi ba ce

Maganar da ke ci mini tuwo a ƙwarya ita ce ta masu cewa rigar Sarkin Hawa a tseren keke na Faransa, farar nan mai ɗigo-ɗigon ja, kyautar lallashi ce ga wanda ya gaza cin gasar. Duk Bayauren da ya kalli bikin Rigata ya san tuƙa kwalekwale a bi ruwa daban, a tunkari ƙarfinsa daban; haka ma hawan tudu a keke daban yake. Tun 1933 ake ware lissafin gwanin hawa, aka ba shi riga a 1975. Ana raba maki ga waɗanda suka fara isa ƙololuwar kowane tudu, kuma makin na ƙaruwa gwargwadon tsayin hawan da wuyarsa.

Hujjarsu ita ce mai wayo kan sulale da wuri ya tattara makin ƙananan tudu. Haka ne, amma ta wannan ƙofa talaka ke shiga. Lucho Herrera na Kolombiya ya ci rigar a 1985 da 1987, Turai ta fara ganin girman mutanensa. A 2015 Daniel Teklehaimanot na Eritiriya ya zama ɗan Afirka na farko da ya saka ta, kwana huɗu tana jikinsa. Chris Froome ne ya tafi da ita a ƙarshe, amma Eritiriya ta riga ta ga ɗanta a kan dandamali, kuma daga ƙasar Biniam Girmay ya fito ya ci wata rigar gasar, koriyar, a 2024. Abin da ya fi damuna ma shi ne yadda gwarzon gasar ke haɗe rigarsa da ta Sarkin Hawa, kamar Pogačar a 2020 da 2021, ƙananan ƙungiyoyi su tashi a tutar babu.

Mu fa? Burkina Faso na shirya tserenta tun 1987, Kigali ta karɓi gasar keke ta duniya a 2025. Muna da Jos da Mambila, a nan Kebbi ga duwatsun Zuru, amma hukumomin wasanninmu ƙwallo kawai suka sani. Za a ce tsaro, kuma gaskiya ne. Sai dai tun hanyoyin na lafiya wa ya taɓa tara yaran Ngaski da Shanga masu kai kaya kasuwa a keke, ya gwada numfashinsu a hawa?